Shekarar da Aka Raba Kwamfutar Malam Iddirisu

Na san kun ji maganar, ko da ba wanda ya taɓa faɗa muku ita ido da ido. A unguwarmu ta Nima ba a gaya wa ɗa cewa ubansa ɓarawo ne. Shiru ake yi idan ya shigo, idan ya fita a ci gaba. Ke Rakiya, akwai ranar da kika dawo daga biki a Mamobi kika shige ɗaki ba ki ci abinci ba, mahaifiyarku ta tambaye ki kika ce ciwon kai. Na san ba ciwon kai ba ne. Abin da ake faɗa shi ne wai na cinye gadon 'ya'yan aminina Malam Iddirisu, na kwashe dukiyar da ke cikin kwamfutarsa tun yana kwance a asibiti. A lokacin ban tara ku na yi muku bayani ba, domin na ɗauka maganar za ta mutu da kanta. Ba ta mutu ba, ni ne nake shirin tafiya. Don haka ga yadda abin ya faru.

Kun san na ƙare ƙuruciyata ina aikin lantarki a jirgin ruwa. Na zauna Abijan da Dakar, na yi aiki a Jidda, daga ƙarshe na daɗe a Hambok ta ƙasar Jamus, inda na samo sunan da ake kirana da shi har yau, Garba Jamus. A can ne wani abokin aiki ya kai ni wani ɗaki a ƙarƙashin bene, inda mutane ke taruwa ƙarshen mako suna gyara tsofaffin kwamfutoci don sha'awa kawai. A wurinsu na fara ganin Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta wanda ba mallakar kowa ba ne: kowa na iya buɗe cikinsa ya duba, ya gyara abin da bai yi masa ba, ya miƙa wa na gaba ba tare da neman izini ba. Ni da na saba da injin da kamfani ke rufe cikinsa ya ce kada ka taɓa, abin ya shiga raina sosai. Da na dawo gida, sa'o'ina da suka yi zaman Turai da mota suka dawo. Ni na dawo da akwatunan tsofaffin kwamfutoci, unguwa ta yi dariya har ta gaji.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, shi ne Iddirisu. Tare muka yi makarantar allo. Kakansa ba Bahaushe ba ne, Bamoshe ne da ya yi soja zamanin Turawa, amma Iddirisu ya fi mu iya Hausa mu da iyayenmu suka zo daga Katsina, kuma yana karanta ajami kamar yana shan ruwa. Ya yi aikin jera haruffa a wata maɗaba'a a Adabaraka har ta rufe. Ranar da na zaunar da shi na yi masa bayanin Linux, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"To ai wannan waƙafi ne, Garba. Wani ya haƙa rijiya a bakin hanya ya tafi. Turawan nan sun san suna yin waƙafi kuwa?"

Daga ranar ya kamu, har ya fi ni. Bayan shekara kaɗan ni ne nake zuwa wurinsa da tambaya. Amma ba mu taɓa shan inuwa ɗaya a kan zaɓi ba. Ni ina son tsarin da ya kwana biyu, wanda aka gwada aka tabbatar, ka ɗora shi ka manta. Shi kuwa sabon da ya fito jiya yake so, kuma ba ya karɓar abin da wani ya haɗa, sai ya ɗauko tushen kowace manhaja ya sa injinsa ya gina ta da kansa. Sai ka shiga ɗakinsa ka tarar fanka na gurnani, rubutu na gudu a allo, shi yana zaune da kofin shayin ataya yana kallo kamar mai jiran haihuwa. Aikin na dab da ƙarewa sai a ɗauke wuta, ya fara daga farko. Kowace Lahadi bayan la'asar muna ɗakin nan muna musu.

"Tsarin naka kamar tsohuwar motar haya ta tirotiro," in ji shi. "Tana tafiya, amma sai fasinja ya tsufa kafin ya isa."

"Tawa tana isa. Taka kullum tana wurin makaniki, kuma makanikin kai ne."

Matarsa Hajiya Meri takan leƙo da farantin ƙosai ta ce, "Kun fara ko? Tsofaffi biyu suna faɗa a kan akwati. Da ƙwallo kuke wa wannan faɗan da na san me zan gaya wa maƙwabta."

Abu ɗaya muka yarda a kai: ba za mu ɗora tsarin kamfani ba, wanda kusan kowa ke amfani da shi. Ba don ba ya aiki ba, yana aiki. Iddirisu cewa yake ba ya son zama ɗan haya a cikin injin da ya saya da guminsa.

Ba wasa kaɗai yake yi da injin ba, wannan shi ne abin da 'ya'yansa ba su taɓa fahimta ba. A gidajen zango, wato unguwannin da iyayenmu baƙi suka kafa, akwai takardu da yawa a ƙasan adaka da ƙarƙashin gado: wasiƙun fatake, waƙoƙin malamai, lissafin zuriya, laƙanin magani, duk da ajami, gara da laima na cinye su. Iddirisu ya ɗauki kyamara yana bin gida gida daga Nima zuwa Mamobi har Sabon Zango, yana ɗaukar hoton kowane shafi, ya mayar wa masu shi. Idan ya tarar da tsohuwa mai tuna yadda aka kafa unguwa, sai ya ajiye rakoda a gabanta ya bar ta ta yi ta magana. Har haruffan ajami ya zana wa kwamfuta, yana kwaikwayon hannun malaman zango, domin ya ce haruffan Larabci da ke zuwa da injin ba su yi kama da rubutun iyayenmu ba. Na ga gidajen adana tarihi a Turai, masu sanyi da ma'aikata da safar hannu. Abin da suke yi da ma'aikata da yawa, mutum ɗaya ya yi shi a ɗaki mai taga ɗaya a bayan shagon tela. Sannan damina ta zo da ambaliyar da ta shiga gidajen bakin babbar kwata, takardu da yawa suka zama laka. Tsofaffin da ya ɗauki muryarsu kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Aka wayi gari abubuwa da yawa ba su da sauran wurin zama a duniya sai cikin akwatin Iddirisu.

A nan ne babban musunmu ya taso. Da aikin ya yi yawa faifan ajiyarsa ya cika, sai ya sayi manya guda biyu ya haɗa su suka zama ɗaya. Irin haɗin da ya yi, injin yana yanka kowane abu gunduwa gunduwa, wannan gunduwa a faifan farko, ta gaba a na biyu, kamar ka rubuta wasiƙa layi ɗaya a wannan takarda, layi na gaba a waccan. Yana ba da sauri da fili. Amma idan ɗaya ya ɓace, ɗayan ba ya karantuwa. Na ce masa ya yi ɗaya haɗin, wanda kowane faifai ke riƙe da cikakken kwafi.

"In sayi biyu in ci amfanin ɗaya? Jamus ta ɓata ka da almubazzaranci."

"To ka ajiye kwafi a intanet."

"In kai muryar kakanninmu ajiya gidan wanda ban sani ba, gobe ya ce sai na biya kafin in ji ta? Ina!"

"To ka sake shi ga jama'a yanzu, tunda ka ce waƙafi ne. Abin da ke hannun mutum ɗari ba ya ɓacewa."

"Sai na gama," in ji shi.

Yana da faifai na uku da yake kwafa a ciki lokaci lokaci, wuta ta dawo da ƙarfi wata rana ta ƙone shi. Ya ce zai sayi wani. Bai saya ba.

A shekarar da nake ba ku labari, hawan jini ya kayar da shi, rabin jikinsa ya mutu. Da aka kwantar da shi asibiti ya sa Hajiya Meri ta ba ni makullin ɗakin, don in riƙa shiga ina kaɗe ƙura ina kunna injin kada laima ta kama shi. Ran da na ga bakinsa ya ɗan saki, na matsa kusa na ce masa na sayi faifai sabo, ya ba ni izini in kwafe komai. Ya girgiza kai. Maganarsa tana fita da ƙyar, amma na ji ta sarai.

"Akwai matan da suka faɗa mini abin da ba su faɗa wa 'ya'yansu ba. Wa aka sayo, wa aka tsinta, ɗan wa ne ba ɗan wa ba. Na yi musu alkawari zan yanke kafin kunnen kowa ya ji. Ban gama yankewa ba."

"Ba zan saurara ba. Kwafi kawai."

"Makulli na ba ka, Garba, ban ba ka izini ba. In na tashi mu yi tare."

Na dawo gida na gaya wa mahaifiyarku. Tana tankaɗe gari, ba ta ko ɗago kai ba ta ce:

"Alhaji, ka je ka kwafa. Mutumin nan ba tashi zai yi ba, kai ma ka gani. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"To ka sani mana. Ka sani, abu yana nan. Wanne ya fi?"

Washegari da hantsi na shiga ɗakin da sabon faifan a aljihun rigata. Na kunna injin. Na san kalmar sirrinsa, domin a gabana yake buga ta. Umarni ɗaya zan rubuta in koma gefe in jira. Na daɗe zaune, ina jin keken telan da ke gaba yana ta aiki. Abin da ya tsaya mini shi ne matan nan. Ba su san ni ba, ba ni suka yi wa magana ba, wasunsu suna kabari, kuma wanda suka amince da shi ya ce a'a da bakin da ya rage masa. Na ce a raina, ko ya rasu, ai injin yana nan, zan zauna da iyalinsa mu san yadda za a yi cikin mutunci. Na kashe injin, na rufe shi da zane, na kulle ɗakin. Bai yi mako biyu ba ya cika.

Bayan addu'ar arba'in aka zauna rabon gado a tsakar gidansu. Malam Tanko limamin masallacinmu ne ya jagoranta, mutum mai haƙuri da tsoron Allah, kuma ba na ɗora masa laifin komai. Magada uku ne: Hajiya Meri da 'ya'yanta maza biyu. Basiru babba yana sayar da kayan gyaran mota a Abose Okai. Munkaila ƙarami yana koyarwa a wata makaranta a Kumasi. Ni an kira ni ne don in mayar da makulli. A al'adarmu wanda ba magaji ba ba ya sa baki a rabo, yana zaune ne ya yi addu'a ya tashi. A Hambok na taɓa ganin an fito da kayan mamaci an jibge a bakin titi motar shara ta kwashe, na ce a raina mu dai Allah ya rufa mana asiri, a wurinmu ko allura sai an san mai ita. Ban san wannan adalcin namu ne zai yanka aikin Iddirisu gida biyu ba.

An gama da ɗakuna da tufafi da littattafai, aka fito da kwamfutar aka ajiye a kan tabarma. Basiru ya dube ta kamar yadda yake duban motar da ta yi haɗari.

"Malam, wannan abu ya tsufa," ya ce. "In ka kai shi kasuwa a haɗe ba wanda zai kalle shi. A wurinmu mota in ya tsufa yanka shi ake, inji daban, ƙofa daban, a nan ne yake kawo wani abu. A buɗe shi kawai kowa ya ɗauki nasa."

Har ya zaro sukudireba daga aljihu. Ba mugunta ba ce, sana'arsa ke nan, haka ya ga duniya tana tafiya. Na yi gyaran murya na ce Malam ya yafe mini, ina da magana. Na ce marigayi ya sha faɗa cewa abin da ke cikin injin nan waƙafi ne na jama'ar zango. Malam Tanko ya tambaya ko ya rubuta, na ce a'a. Ya tambaya ko akwai wanda ya ji ban da ni. Duk muka juya ga Hajiya Meri.

"Na ji suna faɗar waƙafi waƙafi," ta ce. "Amma su biyun nan kullum cikin zolaya suke, Malam. Ban san wanne ne wasa wanne ne gaske ba."

Gaskiya ta faɗa. Malam ya ce akwatin dai dukiya ce, ta magada ce. Abin da ke ciki kuwa bai san yadda ake auna shi ba, shawararsa a bar injin a haɗe har a yi bincike. Da na yi shiru a nan, wataƙila da sun bi shawararsa. Amma ina ganin sukudireba a hannun Basiru, sai tsoro ya sa na yi sauri. Na ce su sayar mini da ita yadda take, zan ba su kuɗin sabuwa fil.

Na ga Basiru ya dubi ƙanensa.

"Ei, Baba Garba," ya ce a hankali. "Kuɗin sabo? A kan wannan gwangwani? Me ke ciki?"

"Takardu da muryoyin tsofaffi."

"Muryan tsofaffi ne za ka biya kuɗin sabo?"

A lokacin labarin kuɗin intanet ya cika gari. Kowa ya ji wai wani ya ajiye su a tsohuwar kwamfuta ya wayi gari attajiri. Su kuma sun taso suna ganin ubansu a kulle a ɗaki yana kallon lambobi na gudu a allo, ba su taɓa tambayarsa me yake yi ba, shi ma bai taɓa zaunar da su ba. Duk bayanin da na ƙara, sai ya ƙara musu tabbaci. Da na ce don Allah ko me za a yi kada a raba faifan nan biyu, domin ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya, sai Basiru ya gane cewa a nan dukiyar take. Ya buɗe akwatin ya zaro su. Ya miƙa wa Munkaila ɗaya.

"Shi ke nan ma. Ka riƙe ɗaya in riƙe ɗaya, ba wanda zai ci ba da sanin ɗan'uwansa ba. Malam, ba adalci ke nan ba?"

Malam ya ce tunda magada sun yarda, ba shi da ta cewa. Aka shafa fatiha. Na bi Basiru har bakin ƙofa ina roƙonsa da Hausa, da Turanci, har da yaren Tuwi, kada ya sa faifan a kowane inji, kada ya bari kowa ya taɓa. Ya ce ya ji.

Bai jira ba. Munkaila na komawa Kumasi, Basiru ya ɗauki nasa faifan ya kai wa wani mai gyara a kasuwar Sakul. Mutumin ya jona shi a injinsa mai tsarin kamfani. Wannan tsarin ba ya gane irin rubutun da Linux ke yi a faifai, balle rabin haɗi. Sai ya nuna cewa faifan ba a shirya shi ba, ya tambaya ko a shirya. Mai gyara ya ce wa Basiru babu komai a ciki, fanko ne, amma faifan lafiyayye ne, asara ce a bar shi. Ya goge shi, ya ɗora masa sabon tsari, ya sa wa Basiru shi a kwamfutar shagonsa. Ban ga laifin mai gyaran sosai ba. Abin da allo ya gaya masa ya faɗa.

Da azahar Basiru ya iso ƙofar gidan nan. Ku manya kuna wurin aiki, amma maƙwabta duk suna nan.

"Fito, Garba Jamus! Fanko ka bar mana! Wata nawa makulli yana hannunka? Ka kwashe ka zo kana mana wa'azin waƙafi!"

Mahaifiyarku ta riga ni fita, da muciya a hannu.

"Kai Basiru, ni na yi wa uwarka wankan jegonka a unguwar nan. Uban wa kake kira da suna?"

Na janye ta. Na tambaye shi abu ɗaya: ina faifan? Da ya gaya mini abin da aka yi masa, sai na zauna a kan dakali. Mutane suka ga na zauna na riƙe kai, suka ce kun gani, asiri ya tonu. Ni kuwa ba zaginsa nake ji ba. Ina tuna Iddirisu ne da kyamara a wuya yana tsallake kwata.

Na roƙe shi ya kashe injin shagon nan take ya ba ni faifan, domin wanda aka goge jiya ana iya tono wani abu daga cikinsa idan ba a rubuta sabo a kai ba. Ya ce in na ƙara zuwa shagonsa zai kira 'yan sanda. Malam Tanko ya je, Hajiya Meri ta yi kuka, Basiru ya ce duk na saye su. Ya ci gaba da amfani da shi, yana zuba hotunan kayan mota da finafinai a kan muryoyin matattu.

Ba wanda ya kai ni ƙara, ba wanda ya kore ni daga ko'ina. A zango ba haka ake yi ba. An daina kirana shaidar ɗaurin aure ne kawai. Wanda ya saba ba ni ajiyar makullinsa idan zai yi tafiya ya samu wani. A masallaci sahu yakan ɗan buɗe a gefena kafin ya rufe. Na zauna cikin mutanen da ba su san sunan ubana ba a ƙasashe da dama, ban taɓa jin baƙunci irin wanda na ji a layin da aka haife ni ba. Daga baya na koma yin salla a wani masallaci can wajen Kokomilemile, na ce muku don motsa ƙafa ne.

Da hutun makaranta ya zo, Munkaila ya shigo da yamma, ya durƙusa ya ajiye nasa faifan a gabana, a naɗe cikin hular ubansa.

"Baba, ni ban san gaskiya ba. Amma in akwai abin da za a iya cirowa, ka ciro."

Na yi watanni a kansa. Na rubuta wa mutanen da na sani a Jamus, na bi duk dabarar da suka ba ni. Abin da ya fito shi ne abin da na san zai fito. Hoton shafi yakan buɗe, layuka kaɗan na sama su bayyana da hannun wani malami, sauran ya zama toka. Murya takan taso, tsohuwa ta ce, "To da muka sauka daga motar goro, sai babana ya ce," sai ƙara, sai wata muryar daban tana dariya a kan abin da ba za a taɓa sani ba. Haruffan da ya zana ba su buɗe ba ko ɗaya. Na kira Munkaila ya saurara. Ya yi kuka ya ce ya yarda da ni, kuma ya faɗa wa mutane. Amma shi yana Kumasi, Basiru kuwa yana nan kullum.

Akwai abin da ban lura da shi ba sai a hankali. Mutane sun ci gaba da zuwa gidan nan, ba da faɗa ba, a ɓoye, ɗaya ɗaya. Mahaifiyarku ta ɗauka gulma ke kawo su. Ba gulma ba ce. Su ne waɗanda suka buɗe wa Iddirisu adakarsu. Muddin ni ɓarawo ne, to abin yana nan a wani wuri, a ƙarƙashin gadona ko a Jamus, kuma wata rana zuciyata za ta yi laushi.

Ta ƙarshe da ta zo ita ce Inna Ladi ta Mamobi, wadda ta girme ni nesa, jikarta na riƙe da hannunta har bakin zaure. Ruwa ya cinye takardun mahaifinta, yayarta da Iddirisu ya ɗauki muryarta kuma ta rasu. Ta zauna ta huta, ta kwance bakin zane ta ba ni goro, sannan ta rage murya.

"Garba, ban zo tona maka asiri ba. Kuɗin ka riƙe, tsakaninka da Allah. Ni takardar babana nake so, wadda ya rubuta sunayenmu da garin da muka fito. Jikokina suna tambayata, na fara mantawa. Ko a waya ka sa wa yarinyar nan, ba wanda zai ji."

Na ce mata babu. Ta ce ta sani, amma in duba. Na shiga na yi alwala, na ɗauko Alƙur'ani na dafa a gabanta, abin da ban yi wa Basiru ba, ban yi wa liman ba. Na rantse ban kwafi ko shafi ɗaya ba, ban ɗauki komai daga ɗakin nan ba sai ƙurar da ta bi rigata.

Ta daɗe tana dubana. Na ga lokacin da ta yarda, domin fuskarta ta faɗa kamar an zare mata wani abu daga ciki.

"Ashe da gaske ba ka sata ba."

"Ban sata ba, Inna."

"Lokacin da yake asibiti, makulli yana hannunka?"

"Yana hannuna."

"Kai, Garba," ta ce. "Me ya hana ka?"

Ta miƙa wa jikarta hannu ta tashi. Ita ce mutum ta farko a unguwar nan da ta wanke ni sarai, kuma ba ta sake amsa gaisuwata ba har ta rasu.

Wannan shi ne abin da ya faru. Idan wani ya sake yin shiru don kun shigo, kuna iya ɗaga kai, ubanku bai ci gadon kowa ba. Tambayar Inna Ladi kuwa kada ku ce za ku amsa ta a madadina. Ni ma da nake da amsar, na faɗa wa kaina ita sau da yawa, ba ta taɓa isata ba.